Yadda ake alƙalancin karon battar gambara: auna alƙalami, auna baki

A watan Disamba na 1981, a wani gidan rawa da ake kira Harlem World a birnin New York, mawaƙin gambara Busy Bee ya hau dandamali ya yi abin da ya fi kowa iyawa a zamanin. Yana bayarwa jama'a suna amsawa, tafi da sowa suka cika ɗaki. Da ya sauka sai Kool Moe Dee ya karɓi makirufo, ya kira shi da sunansa, ya ɗauki salon nasa ya yi ta warware shi zare-zare a gaban mutanen da suka gama yi masa tafi. Kaset ɗin wannan dare ya zaga hannu-hannu, kuma tun daga ranar masu bin karon battar gambara, wato karawar mawaƙa biyu da baitocin zambo a gaban jama'a, suke kan gardama guda: wa ya ci, wanda ya girgiza ɗaki ko wanda ya ji wa abokin karawarsa ciwo?

Duk wanda aka ɗora a kujerar alƙali, ko yake zaune gaban YouTube yana so ya faɗi ra'ayinsa da hujja, wannan tambayar ce zai yi ta amsawa turmi bayan turmi. Abin da zan kawo hanya ce da nake bi da biro da takarda. Harkar ba ta da wata hukuma guda da ta rubuta wa kowa ƙa'ida, don haka kada a ɗauke ta doka. Amfaninta shi ne tana hana mutum aron kunnen 'yan kallo, ciwon da ya fi kama sababbin alƙalai. Baitocin misali da za ka gani ni na ƙaga su da Hausa don a ga abin a kusa. Manyan karawa da Turanci, Sifaniyanci, Rashanci ko Tagalog ake yin su, amma ma'aunin ɗaya ne.

Mataki na farko: san wace irin karawa ce a gabanka

Gida biyu ne. Akwai rubutacciyar karawa wadda ba kiɗa. Ana gaya wa mutum abokin karawarsa makonni ko watanni kafin ranar, ya zauna ya rubuta, ya haddace, ya zo ya zuba da baki zalla. Haka ake yi a gasanni irin su King of the Dot da aka kafa a Toronto a 2008, da Don't Flop ta Ingila da ta fara ita ma a 2008, da URL ta Amurka tun 2009, da FlipTop ta Filifin tun 2010. Galibi turmi uku ne, kowa da lokacinsa, a wurga tsabar kuɗi sama don a san mai farawa.

Gida na biyu ƙirƙirar nan-take ce a kan kiɗa, abin da 'yan harkar ke kira firistayil. Ta fi ƙarfi a ƙasashen masu Sifaniyanci, inda Red Bull Batalla take gudana tun 2005, gasar FMS kuma ta fara a Sifaniya a 2017. A can har kalmomi ake haska wa mawaƙi a allo, ya saƙa su cikin baiti kafin su wuce.

Wannan bambanci ne zai saita maka tsanani. Wanda ya sami wata uku yana rubutu ba shi da uzurin baiti maras gishiri. Wanda ke ƙirƙira cikin daƙiƙa biyar ana yafe masa ɗan hargitsi, amma shi kuma babban laifinsa ya shigo da abin da ya haddace a gida ya nuna kamar yanzu ya faɗo masa.

Kafin a fara, tambayi masu shirya taro abu huɗu: minti nawa ne turmi, me ake yi wa wanda ya zarce lokaci, an yarda da kunnen doki ko dole a fitar da gwani, sannan da turmi ake ƙirgawa ko da jimillar maki. Wannan ta ƙarshen ita ce za ta cece ka daga rigima, zan dawo kanta. Ka kuma sani cewa da yawa daga manyan karawar URL ba alƙalai ake sa musu ba sam. Ana barin jama'a su yi ta ja-in-ja shekara da shekaru, kuma masu harkar sun san wannan gardamar ita ce kasuwarsu.

Mataki na biyu: shirya takarda

Ja layi a tsaye ka raba takarda biyu, kowane mawaƙi da gefensa. Ja biyu a kwance, ka sami akwati shida. Alamomina biyar ne. Ɗigo ga baitin da ya taɓa. Da'ira ga wanda ya girgiza. Kibiya ga martani. Gicciye ga tuntuɓen harshe. Dogon layi ga ɗauke wuta, wato manta baiti, tare da kimanin daƙiƙar da ya yi shiru. Kusa da kowace da'ira rubuta kalma ɗaya ko biyu daga baitin, don in an tambaye ka daga baya ka iya kawo shi.

Dalilin wahalar nan shi ne ƙwaƙwalwa mayaudariya ce. Abin da aka faɗa na ƙarshe shi ke zama a kunne, shi ya sa wanda ya rufe turmi kullum yake kamar ya fi, ko da na farkon ya zuba abin da ya ninka nasa minti huɗu da suka wuce. A farkon shekarun FMS alƙalai suna ba kowane layi huɗu maki daga 0 zuwa 4, sannan su ƙara wani abu don tafiyar murya a kan kiɗa, da tsayuwa a dandamali, da dabarar kalma. Tsarin ya dace da gajerun turame. A doguwar rubutacciyar karawa na gwada shi, na tarar idona ya fi zama a takarda fiye da dandamali, na koma ɗigo da da'ira.

Mataki na uku: auna alƙalami

Nan ne aikin yake, kuma tambaya ta farko ga kowane baiti ita ce: wa aka faɗa wa? Mu ɗauka laƙabin abokin karawar Guguwa ne. Wani ya dube shi ya ce:

Ni ne zaki, kai kare ne, in na yi gurnani sai ka gudu.

Ko da murya mai kyau aka faɗe shi, wannan kirari ne kawai. Za a iya jefa wa kowa, a kowace rana, kuma an riga an jefa wa dubu. Ba ya samun ko ɗigo a takardata. Wani kuma ya ce:

An ce maka Guguwa, na yarda, sunan ya kama jiki,
ka ta da ƙura, ka kwashi leda, ba ɗigon ruwa a ciki.

Wannan an ɗinka shi daidai jikin mutum guda. Cire Guguwa ka sa wani suna, baitin ya mutu. Ya kuma faɗi wani abu game da shi, wato hayaniya ce da shi ba amfani. Gwajin ke nan da nake yi wa kowane baiti: in na cire sunan wanda ake karawa da shi na sa na wani, zai ci gaba da aiki? In zai yi, darajarsa ta ragu da rabi.

Daga nan duba gini. Baitin karawa yana da shimfiɗa da naushi. Shimfiɗa tana jan hankalin mai saurare zuwa wani gefe, naushi ya fito ta inda bai zata ba. Gwanaye da yawa layi huɗu suke ginawa, uku shimfiɗa na huɗu duka. Wasu, irin su Rum Nitty na birnin Phoenix, sun yi suna ne da matse tazarar har kusan kowane layi biyu sai ka ji duka. Abin lura biyu ne. Shin shimfiɗar tana da nata ma'anar, ko surutu ne da aka jera don kawai a isa kalmar ƙarshe? Sannan shin ka hango naushin tun daga nesa? In tun layi na biyu ka san inda za a sauka, ɗigo ne, ba da'ira ba, komai ihun da aka yi.

Sai wasa da kalma, inda aka fi yaudarar alƙali. Ɗauki wannan, ga wanda ya zo da ƙatuwar sarƙa:

Sarƙarka tana wuya, kai kuma yau ita za ka sha.

Wuya ta jiki da wuya ta wahala. Karin sautinsu ya ɗan bambanta, amma kunne yana karɓa, kuma ma'ana biyun duk sun tsaya da ƙafarsu: sarƙa a wuya take, shi kuma zai sha wuya. Haka ake so. Matsalar tana zuwa ne in mawaƙi ya murɗe kalma har ta fita kamanninta don ta yi kama da wata, kamar wanda zai lanƙwasa baki ya zama baƙi ya ce ai ɗaya ne. Masu karawa da Turanci suna yawan yin haka, su tsaga kalma gida uku su ce ga sunan wani ɗan ƙwallo a ciki. Ƙa'idata mai sauƙi ce: karanta baitin ta ma'ana ta farko, karanta shi ta ta biyu. In ɗaya daga ciki ba magana ba ce da mutum mai hankali zai faɗa, an tilasta ne, kuma ba na biyan tilas.

Amsa-amo shi ma ana auna shi, amma da hankali. Daidaita gaɓar ƙarshe kawai, kowa na iyawa. Gwaninta ita ce a daidaita gaɓoɓi da yawa a jere ba tare da ma'ana ta karye ba:

Ka shigo da ciniki a baki kamar ɗan kasuwa,
za ka fita shiru, ɓangarenku kamar ran rasuwa.

Ƙirga: kamar ɗan kasuwa, kamar ran rasuwa, gaɓa shida suna amsa juna, kuma maganar tana tafiya kamar hira. To amma akwai masu ɗaukar wannan amon su bi shi layi goma sha shida, duk kalmar da ta yi daidai da shi sai sun cusa ta ko ba ta da wurin zama. Kunne yana jin daɗi, abokin karawa kuwa yana tsaye ko ƙwarzane babu. Amsa-amo ado ne a kan duka. In babu dukan, ina rubuta "ya iya saƙa" a gefe in wuce.

Haka sarƙar kalmomi, inda ake ɗaukar fage guda a yi ta ciro kalmominsa. Misali fagen waya: ka zo ba caji, ƙwaƙwalwarka ta cika, sabis ɗinka sanda ɗaya, in an nemi sunanka a gari sai a ce ba a samun mai wannan lamba. Chilla Jones na Boston da irin wannan ya yi fice. Sarƙa mai kyau kowane ƙulli nata zagi ne mai zaman kansa, na ƙarshen kuma ya fi sauran nauyi. Maras kyau jerin sunaye ce kawai, mutum yana nuna maka ya san kayan waya.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina shi ne lago. Mawaƙi ya gano wani rauni na gaskiya a halin abokin karawarsa, ko tarihinsa, ko salonsa, ya tsaya a kai ya gina hujja har ɗaki ya fara kallon mutumin da wani ido daban. A taron karawa na Summer Madness 2 da aka yi a New York a watan Agusta na 2012, Loaded Lux ya zo wa Calicoe da shirin jana'iza, a turmi na uku kuma ya ajiye barkwanci ya yi masa magana a kan mahaifinsa da ke kurkuku da irin hanyar da ɗa ke gada. Ba yawan wasa da kalma ya sa ake tuna turmin ba har yau. Magana ce guda da aka riƙe aka bi ta har ƙarshe. Lago irin wannan yana iya rinjayar ɗigo goma, kuma ina ba shi babbar da'ira da ta kewaye akwatin gaba ɗaya.

Sai dai a kula. Alƙali ba ɗan sanda ba ne, ba zai iya binciken ko zargin gaskiya ne ba. Abin da zai auna shi ne ko an gina shi yadda zai shiga, da kuma yadda wanda aka jefa ya karɓe shi. In ya fito a turminsa ya rushe zargin da magana ɗaya, da'irar ta koma gefensa. Tonon silili kuma ba fasaha ba ne don kansa. Wanda ya ambaci mamacin wani ko ciwon ɗansa don ɗaki ya yi tsit ya girgiza mutane, gaskiya, amma duk mai rashin kunya zai iya. Tambayar ita ce me ya gina da shi. Haka maganar bindiga da ta cika karawar Amurka: barazanar kanta sifiri ce, dabarar da aka naɗe ta a ciki ake biya.

Na ƙarshe a wannan mataki, asali. Baitin da mutum ya taɓa faɗa wa wani ya sake kawowa, maimai ne, ba ya cin maki. Wanda ya ɗauko na wani kuwa satar fasaha ce, kuma ina cire masa. Amma kada ka yanke wannan hukunci sai ka tabbata, domin mutum biyu suna iya faɗawa kan wasan kalma guda ba tare da sun ji juna ba, musamman a kan laƙabin da aka shekara goma ana juyawa.

Mataki na huɗu: auna baki

Mutane suna son raba takarda su ce rubutu maki kaza, isarwa maki kaza, kamar abu biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Ni ban yarda ba. Baiti a karawa ba shi da rai sai a bakin da ya faɗe shi. Koma kan baitin Guguwa. Mawaƙi na farko ya zuba shi da numfashi ɗaya, kai a sunkuye, ƙarshen ya nutse cikin hayaniya. Na biyu ya ce "na yarda" yana gyaɗa kai kamar yabo zai yi, ya ɗaga murya a kan ƙura da leda yana juya hannu sama, sannan ya yi shiru na daƙiƙa ɗaya, ya matso, ya sauke murya ƙasa: ba ɗigon ruwa a ciki. Kalmomin ba su canza ba. Na farko ɗigo ya samu, na biyu da'ira. Wannan shirun na daƙiƙa ɗaya shi ma rubutu ne.

Abin da za ka fara saurara shi ne fitar kalma. In ba ka ji abin da aka ce ba, ba a faɗa ba, kuma ba aikinka ba ne ka cike masa gurbi da kyakkyawan zato. Sai numfashi: yana kai ƙarshen layi da ƙarfinsa, ko naushin ne kullum ke fita a gajiye? Sai hawa da sauka. Wanda ya fara da ihu ya ƙare da ihu, bayan minti biyu kunne ya daina bambance babban baiti da ƙarami, ya cuci rubutunsa da kansa. Sababbin alƙalai suna ɗaukar jijiyar wuya a matsayin iya isarwa. Sau da yawa mai magana a hankali, wanda ya san inda zai tsaya, shi ne ke riƙe da ɗakin.

Sai jiki da ido. Wa yake kallo, abokin karawa, ko jama'a, ko ƙasa? Motsinsa yana ƙara wa baitin haske ko rawar kai ce? Hitman Holla na St. Louis ya gina sunansa a kan wannan, yana wasa da baiti da dukan jikinsa, ya maimaita shi da sabon salo har ɗaki ya tashi. In ka ga irin haka, yi wa kanka gwaji: faɗi baitin a zuci da murya ta yau da kullum. In har yanzu yana cizo, wasan ya ƙara masa ne, ka biya duka biyun. In ya zama fanko, to wasan ne kawai, ɗigo ya ishe shi. Gwajin yana aiki ta ɗaya gefen ma. Baitin da sai ka mayar da bidiyo baya sau uku kafin ka gane shi yana da daraja, amma mai shi ya gaza kai shi kunne a lokacin da ake bukata, kuma a karawar da ake hukunci nan take wannan asararsa ce.

Akwai kuma riƙe ɗaki. Gwani ya san in an yi sowa sai ya jira ta lafa kafin ya ci gaba, ya koma baya layi ɗaya don zaren kada ya tsinke. Wanda ya taka kan sowar da aka yi masa ya binne baitinsa na gaba. Wanda kuma ya tsaya yana jiran sowar da ba ta zo ba, wannan ma ka rubuta. Ka riƙa satar kallon wanda ba turminsa ba ne. Yin magana cikin turmin wani, ko juya baya, ko taɓa jiki, duk neman karya lagon mai magana ne ta hanyar da ba baiti ba, kuma ina riƙe shi a kan mai yi in turmin ya zo kankankan.

Mataki na biyar: martani

A ce Guguwa ya yi alkawarin binne mutum a turminsa, sai kuma ya manta baitinsa ya yi shiru. Ɗayan ya karɓa ya buɗe da: ka ce za ka binne ni, ka haƙa ramin, sai ga baitinka ne ya faɗa ciki. Wannan kibiya ce mai nauyi biyu, ta rage wa turmin Guguwa daraja, ta kuma nuna mai ita yana ƙirƙira a tsaye. The Saurus da Illmaculate, da suka ci gasar duniya ta Jumpoff a 2006 da 2007, da Charron na Kanada, duk an san su da wannan.

Amma martani iri-iri ne. Akwai wanda aka rubuto daga gida saboda an san dole a taɓo gajartar mutum ko ƙibarsa. Shiri ne mai kyau, sai dai bai kai na nan-take ba, kuma za ka gane shi da santsinsa da rashin ambaton ainihin kalmar da aka faɗa. Akwai kuma martani maras daɗi da ake yi wa tafi don kawai martani ne. Wannan ba ya samun komai. Ka kuma tuna mai rufewa yana da damar martani sau uku, mai buɗewa sau biyu, kuma ba wanda zai amsa turmin ƙarshe. Tsabar kuɗi ce ta raba haka, kada ka hukunta mutum a kanta.

Mataki na shida: tuntuɓe da ɗauke wuta

Tuntuɓe shi ne harshe ya sarƙe a kalma, mutum ya gyara ya wuce. Ɗaya ko biyu ba sa kashe turmi, sai in a kan naushin suka faɗa, nan kam baitin ya tafi. Ɗauke wuta kuwa shi ne rubutun ya ɓace gaba ɗaya. Mafi shahara shi ne na Canibus a karawarsa da Dizaster a Los Angeles a watan Yuni na 2012, inda ya kai ga zaro littafin rubutunsa yana karantawa a gaban jama'a. Irin wannan babu gardama.

Inda ake gardama shi ne wanda ya yi shiru na daƙiƙa goma, ya cike da ƙirƙirar nan-take, ya dawo kan hanya ya ƙarasa da ƙarfi. A wurina in turmin kankankan ne, mai tsabta ya ci. In kuwa mai ɗauke wutar ya tara da'ira biyar ɗayan yana da ɗigo uku, ban ga dalilin ba wa raggo turmi don kawai bai manta raggon rubutunsa ba. Kuma laifin turmi a turmin yake tsayawa. Loaded Lux ɗin nan ya ɗauke wuta a turmi na farko da Calicoe, duk da haka mafi yawan masu kallo shi suke ba karawar.

Mataki na bakwai: raba kunnenka da na ɗaki

Sowa shaida ce, amma shaidar da ake iya saye. Ɗan gari yana da ɗaki. Mai tawaga yana da mutum ashirin a bayansa da aikinsu tsalle. Mai suna ana yi masa ihu tun kafin ya kai naushi. Na taɓa ba wani turmi uku cif a kallon farko, da na sake kallo da abin ji a kunne na tarar rabin abin da na yi wa da'ira tsallen mutanen bayansa ne na yi wa, har akwai wadda na kasa tuna baitin da ke ƙarƙashinta. Tun ranar na fara rubuta kalma kusa da kowace da'ira. In babu abin rubutawa, babu da'ira.

Suna ma haka. A watan Agusta na 2017 Oxxxymiron ya shiga karawa da Gnoyny a Rasha a matsayin tauraron da ba a taɓa kayarwa a gasar Versus ba, alƙalai biyar kuma duk suka ba Gnoyny. Tarihin mutum da yawan masoyansa a waje suke tsayawa. Ka kuma san son ranka. In kai mai son wasa da kalma ne, za ka riƙa rage wa mai barkwanci ba ka sani ba, alhali dariyar da ta sa abokin karawa ya zama abin tausayi duka ce kamar kowace.

Mataki na takwas: rufe turmi, faɗi hukunci

Da zarar na biyu ya ce "lokaci", wato ya gama turminsa, rubuta sunan wanda ya ci turmin kafin a fara na gaba, kuma kada ka koma ka goge. Ƙirgen ɗigo jagora ne kawai. Da'ira uku sun fi ɗigo takwas, turmi mai kai da gindi ya fi tarin baitoci da ba su san juna ba, wanda ya zarce lokaci da minti biyu kuma ba a biyansa ladan abin da ya faɗa a lokacin da ba nasa ba. In ka rasa, tambayi kanka a cikin su biyun wa ba za ka so ka zama ba a wannan turmin.

Ga rigimar da na ce zan dawo kanta. Wani ya ci turmi biyu da ƙyar, ɗayan ya ci guda amma ya yi dukan kawo wuƙa. In da turmi ake ƙirgawa, na farko ya ci biyu da ɗaya, ko da kowa zai fita yana zancen na biyun. In da jimillar maki ne, yana iya juyewa. Duk biyun daidai ne muddin an faɗa tun kafin a fara. A Red Bull Batalla alƙali yana nuna gefen wanda ya ci da hannu, ko ya gicciya hannuwansa a ƙara turmin raba gardama. Inda aka ba ka irin wannan dama, yi amfani da ita in da gaske kunnen doki ne, ba don tsoron ɗaki ba.

In an miƙo maka makirufo, kada ka ce duk sun yi ƙoƙari. Duba takardarka ka yi magana da abin da ke ciki, kamar haka: "Turmi na farko na ba na hagu, saboda baitin guguwa da na sarƙa, na dama kirari ya fi yawa a nasa. Na biyu na ba na dama, lagon da ya kama ba a amsa shi ba. Na uku kankankan ne har sai da na dama ya ɗauke wuta, aka kuma mayar masa da ita a martanin rami. Na hagu, biyu da ɗaya."